Shawara ga mai tafiya Pemba daga Zanzibar

Idan za ka tashi daga birnin Zanzibar zuwa Chake Chake a tsibirin Pemba, ka bar babban akwatinka a masauki, ka ɗauki ƙaramar jaka kawai.

Tafiyar a sama kusan minti 30 ce, amma ƙananan jirage ne ke yin ta, kuma wasunsu ba sa yarda kayan fasinja su wuce kilo 15. Abin da ya haura sai ka biya kuɗinsa, ko ya jira wani jirgin.

Shawarar ba ta amfanar mai kayan sayarwa. Shi gara ya bi jirgin ruwa zuwa Mkoani, tashar jiragen ruwa ta Pemba, ko da yake zai kwashe sa'o'i a kan teku.