Yadda ake girka Python don aikin lissafin ruwan sama

Duk ɗalibin da ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda don karatun yanayi ko noma, a Jami'ar Abdou Moumouni ko a cibiyar AGRHYMET, wata rana malami zai miƙa masa alƙaluman ruwan sama na shekara talatin ya ce a fitar da zane. Excel zai fara nishi. Ranar nan Python ake nema, wato yaren ba kwamfuta umarni.

Shawarata ta farko, kar ka sauko da Anaconda cikakke, wato babban kunshin Python da kayan aikinsa. Ya kusa giga ɗaya, kuma rabin kayan cikinsa ba za ka taɓa buɗewa ba. Nemi Miniforge, ƙaramin kunshi mai irin wannan aiki, a shafin conda-forge na GitHub, wajen mega 100 ne ko ƙasa. Ka ɗauki wanda sunansa ya ƙare da Windows-x86_64.exe. In kuna da yawa a aji, mutum ɗaya ya sauko da shi, saura su kwafa da kile, ba sai kowa ya ƙona forfensa ba.

Wajen girkawa ne mutane ke yin tuntuɓe. Zai tambaye ka inda za a ajiye shi. Kwamfutocinmu yawanci da Faransanci suke, sunan mai kwamfutar kuma sau da yawa yana da ï ko é, ko fili tsakanin suna biyu. Sunan nan yana shiga cikin adireshin da zai rubuta maka, kuma wasu kayan aikin ba sa jituwa da irin wannan. Goge abin da ya rubuta, ka sa C:\miniforge3. Sandar nan mai karkata baya, a allon AZERTY AltGr da 8 ke fito da ita.

Daga nan buɗe Miniforge Prompt. Baƙin allo ne, kar ya tsorata ka. Kowane aiki a gina masa rumbunsa dabam, don in wani ya lalace kar ya shafi saura. Namu mu sa masa suna ruwa:

conda create -n ruwa python=3.12 numpy pandas matplotlib xarray netcdf4 jupyterlab

NumPy na lissafi ne, pandas na jadawali, matplotlib na zane. Su xarray da netcdf4 su ke karanta fayilolin tauraron ɗan adam irin na CHIRPS, wanda ke ɗauke da ƙiyasin ruwan sama tun 1981. Zai jero kayan ya nemi izini, ka buga y. Nan ne intanet zai ci da gaske, don haka ka yi shi da dare ko a wifin makaranta. Ni kam wuta ta taɓa ɗauke mini ana tsakiyar saukowa a watan Afrilu, batir kuma ya riga ya mutu. Da ta dawo na sake buga umarnin, abin da ya riga ya sauka yana nan cikin jakar pkgs, bai sake jawo shi ba.

Sai ka shiga rumbun da conda activate ruwa, ka ga sunan ya bayyana a farkon layi, sannan ka buga jupyter lab, wato wurin da za ka riƙa rubuta Python. Zai buɗe a burauza, amma a kwamfutarka yake gudana, ko babu rezo yana aiki.

Gwaji kuma da fayil ɗinka na gaske za ka yi shi. Excel na Faransanci yana rubuta 12,5 maimakon 12.5, yana raba ginshiƙai da alamar ";". Kuma pandas bai san da haka ba sai an gaya masa. In ba ka gaya masa ba, zai cusa komai a ginshiƙi guda, ko ya ɗauki alƙaluman a matsayin rubutu. Rubuta haka a Jupyter, ka sa sunan fayil ɗinka na CSV a madadin yamai.csv:

import pandas as pd
t = pd.read_csv("yamai.csv", sep=";", decimal=",")
t.head()

In ya yi ƙorafi kan haruffa masu alama kamar na août, ƙara encoding="latin-1" a cikin bakan. Tara ruwan wata-wata ka zana. A Yamai, Agusta ya kamata ya fi kowane wata tsawo, Janairu kuma ya kwanta ƙasa. In ka ga akasin haka, koma ka duba ginshiƙin kwanan wata: mai yiwuwa pandas ya karanta rana a matsayin wata, sai ka gyara da dayfirst=True.