Kurakuran da Ake Yi Wajen Hura Murhu da Katakon Fayin

Fayin, wato itacen da ake kira "pine" da Turanci, ba itacen ƙasar Sakkwato ba ne, kuma a Najeriya ma ba a cika ganinsa ba sai a gandayen da aka dasa, irin na Miango kusa da Jos da na Afaka kusa da Kaduna. Amma katakonsa yana shigowa garin nan, domin da shi ake haɗa yawancin akwatuna da shimfiɗun da ake ɗoro tayil da janareto da farantan sola a kansu. Idan aka kwance kaya, kafinta ya zaɓi na zaɓa, ragowar farin katakon nan mara nauyi takan ƙare ne a gindin murhu, musamman yanzu da itacen girki ya yi tsada.

Babban kuskure shi ne a ɗauke shi kamar kirya ko marke. Guntun fayin bai fi kusan rabin nauyin guntun kirya mai girmansa ba, saboda haka yana kamawa nan da nan, harshen wutarsa ya tashi sama, ya cinye kafin a ankara, kuma garwashin da yake bari ba ya jimawa. Matar da ta ɗora sanwar tuwo da shi kaɗai za ta ga ruwa ya tafasa da wuri har ta yi murna, amma tana gama talge wutar ta faɗi, ta ƙara itace wutar ta sake tashi ta ƙona gindin tukunya, lokacin sulala kuma babu garwashin da zai riƙe tuwon. Gyaran shi ne a faskara shi ƙanana, kaurin yatsu biyu, a yi amfani da shi a matsayin ƙirare, idan wuta ta kama sai a tura kirya ko marke ko bagaruwa su ɗauki aikin. Shi kaɗai ya isa tafasa ruwan shayi ko ɗumama tuwon safe, amma wake da ganda sun fi ƙarfinsa. Mai saye kuma kada girman dami ya ruɗe shi, ya ɗaga ya ji nauyi tukuna.

Daga wannan kuskuren ne wani yake fitowa: ganin yana saurin cinyewa, sai a cusa shi da yawa a toshe bakin murhu wai don ya daɗe. Wutar da aka hana iska ba ta ƙone ƙaron da ke jikin fayin, sai dai ta mayar da shi hayaƙi mai kauri da yaji, wanda yake daskarewa ya zama kunkunniya mai danƙo a jikin rufi, ko a cikin bututun hayaƙi ga masu murhu mai bututu da masu gidajen burodi. Wannan danƙon yana kama wuta idan ya taru. Mutane sukan ɗora laifin a kan ƙaron, alhali mafi yawan laifin na danshi ne da rashin iska. Itacen da ya dace da murhu shi ne wanda ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma zafin Sakkwato yana yi mana wannan aikin kyauta, in ban da tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da katakon da aka yasar a ƙasa yake shan ruwa. A ɗora shi a kan duwatsu a ƙarƙashin rumfa, kuma a gwada: busassun guntaye biyu idan aka buga su suna ba da ƙara mai kaifi, mai danshi kuwa za a ga yana fitar da kumfa ta bakinsa a cikin wuta.

Fayin yana da tartsatsi, domin ƙaron da ke maƙale a cikinsa yana fashewa idan ya ji zafi. A lokacin hunturu, ga iska ga zana ga rumfar kara ga yara sun kewaye murhu suna jin ɗumi a kan tabarmar roba, bai kamata a hura shi a fili ba tare da kariya ba.

Kuskuren da ya fi duka haɗari, a ganina, shi ne ƙona kowane katako ba tare da an duba shi ba. Katakon ɗaukar kaya da ya ƙetaro iyakar ƙasa yakan zo da hatimi a gefensa. Idan an rubuta HT, ma'anarsa an gasa shi ne kawai har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, kuma babu laifi a ƙona shi. Idan an rubuta MB, an yi masa turaren maganin ƙwari ne, gara a bar shi. Wanda launinsa ya yi kore-kore kuwa, akwai yiwuwar an jiƙa shi da maganin gara mai ɗauke da gubar asenik, wadda take fita a hayaƙi kuma ta zauna a cikin toka. Da tokar nan ake goge tukwane a gidajenmu, ragowar a zuba a bola inda awaki suke lasa. Haka mai fenti, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, haka kuma filawud da katakon da aka manne da gam. Waɗannan ba makamashi ba ne ko da kyauta aka samu.

Ko fayin ɗin mai tsabta ne, bai dace da tukubar mai tsire ko gashin balangu ba, saboda hayaƙinsa yana bar wa nama ɗaci da warin ƙaro. Shiga da wutarsa ɗaki a kasko a rufe ƙofa da taga saboda sanyi kuwa, hukuncinsa ɗaya da na gawayi, domin iskar da take kashe mai barci ba ta da wari ko launi.

Saura ƙusoshi, waɗanda kusan kowa yake mantawa da su. Katakon akwati cike yake da su, kuma bayan ya ƙone suna nan kwance a cikin toka, wasu sun lanƙwashe sun ɗaga baki sama. A bari tokar ta huce, a tankaɗe ta da tsohuwar rariya, a tara ƙarafan a gwangwani kafin a zubar da ita inda yara suke yawo ba takalmi.