Yadda za ka riƙa fitar da waƙar yau daga labarin gari ka ɗora a WhatsApp

Da safe ka kunna rediyo, CRTV ta gwamnatin Kamaru ko sashen Hausa na RFI ta Faransa, ka tsinci labari guda da garin Garwa na arewacin Kamaru zai wuni a kansa. Guda tak ya isa.

Sai ka nemo waƙar da ta hau labarin. Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa, ta ci wasa? Sa mai ganga da kirari. Kogin Binuwai ya cika da damina ya shiga gonaki? Nemo mai sanyi. A Kamaru 11 ga Fabrairu ranar matasa ce, 20 ga Mayu ta haɗin kan ƙasa, ka tanadi nasu tun da wuri. Kuma kar ka maƙale wa waƙoƙin finafinan Kano kaɗai, ka riƙa sirkawa da na Fulatanci, ai da yawa cikin masu kallonka da shi suke hira.

Saurari waƙar har ƙarshe kafin ka tura, don wani habaicin sai can tsakiya yake fitowa. Ranar rasuwa ko hari kuwa, a bar kiɗa.

Yanko daƙiƙa 30 ka ɗora a WhatsApp, da layi ɗaya na dalili da sunan mawaƙin, kafin jama'a su watse kasuwa.