Yadda na gyara bututun da ya ƙi kai ƙarshe a Linux

Wata manhaja da nake kula da ita a tsarin sarrafa kwamfuta na Linux ta riƙa tsayawa cak a duk lokacin da uwar aiki, wato aikin farko na manhajar, take jiran saƙo daga ɗan da ta samar ta hanyar fork, kiran da ke sa aiki ya haifi kwafin kansa. Su biyun suna sadarwa ne ta bututun da kiran pipe ya buɗe, wato hanyar aika saƙo mai baki biyu, na rubutu da na karatu, kuma ɗan yana gama rubutunsa lafiya har ya fita.

Da na bi sawunta da strace, manhajar da ke nuna kiraye-kirayen da aiki yake yi wa Linux, sai na tarar uwar ta maƙale a kan read, kiran karanta saƙo. Dalili shi ne, kernel, zuciyar tsarin Linux, ba ya mayar da sifili, wato alamar ƙarshen saƙo, sai an rufe kowane bakin rubutu na bututun, alhali fork kwafin lambobin fayil, waɗanda aiki ke riƙe bakunan bututun da su, kawai yake ba ɗan, uwar kuma tana riƙe da nata bakin a buɗe. Dubawa a cikin /proc, inda Linux ke nuna bayanan ayyukan da ke gudana, ta tabbatar da haka.

Na sa uwar ta rufe bakin rubutu da kiran close nan take bayan fork, ɗan kuma ya rufe na karatu. Na kuma koma ga pipe2, wani nau'in pipe mai karɓar zaɓi, tare da zaɓin O_CLOEXEC mai rufe bakuna idan aka kira exec, kiran da ke tayar da wata manhaja a cikin aiki, domin kada wannan manhajar ta gaji waɗannan bakuna.