Yadda Ake Inganta Tukunyar Tatsar Man Ƙamshi da Bututun Jan Ƙarfe

Tukunyar tatsar man ƙamshi da ruwan fure ta gida ba ta bukatar a sauya ta gaba ɗaya. Gindin da ruwa ke tafasa a ciki zai iya zama ƙarfen da ba ya tsatsa. Inda jan ƙarfe ke da amfani shi ne hanyar da tururi ke bi, daga murfi zuwa bakin fita. Yana ɗaukar zafi fiye da ƙarfen da ba ya tsatsa sau ashirin da wani abu, don haka tururi ya fi saurin komawa ruwa a cikinsa. Yana kuma kama sinadaran farar wuta da ke sa abin da aka tatsa ya riƙa warin dafaffen ganye.

Idan kuɗinka na gyara ɗaya ne, sa shi a bututun sanyaya tururi.

Ga tukunya mai ƙarfin wat 2000, nemi bututu mai faɗin milimita 15 tsawon mita ɗaya, da mai milimita 22 tsawon santimita 80, da mahaɗi mai baki uku guda biyu (22 a gefe ɗaya, 15 a sauran biyun), da gwiwa, wato mahaɗi mai lanƙwasa, ɗaya ko biyu. Sabon bututu za ka saya. Wanda aka ciro daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki yana da mai a ciki, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Mahaɗan tagulla masu launin rawaya ma a bar su, domin wasunsu na da dalma.

Ƙaramin bututun zai ratsa ta cikin babban, tururi a ciki, ruwan sanyi a tsakaninsu. Mahaɗan biyu su ke rufe bakunan babban bututun, bakin 15 na gefensu kuma na shiga da fitar ruwan sanyi ne. A cikin bakin 15 da ke fuskantar bakin 22 na kowane mahaɗi akwai ɗan tudu da ke tare bututu. Goge shi da magagari mai zagaye har bututun ya wuce sumul. A nan mutane da yawa ke gajiya su buga da guduma, bakin ya buɗe, daga baya ya yi ta yoyo.

Liƙi shi ne aikin da ya fi son natsuwa. Yi amfani da wayar liƙi marar dalma, ta kuza da azurfa ko kuza da jan ƙarfe, mai narkewa a wajen digiri 220 zuwa 230. Wayar gyaran rediyo ba ta shiga nan. Yanke bututu daidai, kankare kaifin da ya rage a cikin bakin, goge wajen bututun da cikin mahaɗin da sanfefa har su yi ƙyalli, sannan ka shafa man liƙi mai wankuwa da ruwa, siriri. Ɗora wuta a jikin mahaɗin, ba a kan wayar ba. In ya yi zafi, taɓa wayar a bakin haɗin ta ɗaya gefen, za ka ga ta narke ta shige ciki da kanta. Waya mai tsawon faɗin bututun ta isa baki ɗaya. In ta dunƙule tana gangarowa, ko dai wurin bai gogu ba, ko wuta ta yi yawa ta ƙone man. Kada ka ƙara waya a kai. Ware shi, goge, ka sake. Yayin liƙa baki na biyu, naɗe na farko da jiƙaƙƙen tsumma.

Kafin ka haɗa da tukunya, toshe mafitar ruwan sanyi da yatsa ka buɗe famfo. Ɗigo ko ɗaya daga cikin ƙaramin bututun na nufin ruwan famfo zai gauraya da abin da kake tatsa.

Ruwan sanyi ta ƙasa yake shiga, ya fita ta sama. In aka juya, tsakanin bututun biyu ba ya cika, rabin bututun ya zauna a bushe. Wat 2000 na tafasa kusan lita 3 a awa, kuma lita ɗaya da rabi na ruwan sanyi a minti ya ishe shi. Hannu ma ma'auni ne: sama da zafi, ƙasa da sanyi. Ganin tururi a bakin fita na nufin mai yana tafiya a iska, sai a rage wuta ko a ƙara ruwa. Bututun ya karkata ƙasa tun daga gwiwa har baki, ba tare da wani lotsawa da ruwa zai kwanta ba.

Haɗa jan ƙarfe da murfin ƙarfen da ba ya tsatsa ta hanyar liƙi yana da wuya, don man liƙi na yau da kullum ba ya kama shi. Mahaɗi mai zare da noti, ko mai maƙala, ya fi sauƙi, kuma ana iya kwancewa a wanke. Abin toshe tsakani ya zama Teflon, irin farin abin da masu gyaran famfo ke naɗawa a zare. Roba da leda man ƙamshi na cin su, warinsu ya shiga kayan.

Abu ɗaya ba a sassauci a kansa: bakin fita a buɗe yake kullum. Babu famfo a kansa, babu toshi. Sa raga a ƙarƙashin murfi don ganye ko fure kada su tashi su cushe bututun, domin tukunyar da hanyarta ta toshe matsi take tarawa har ta fashe. Kafin kowane aiki, hura iska ta bakin ka tabbatar ta wuce.

Sabon haɗi ba a fara shi da fure. Wanke da ruwan zafi da sabulu, sannan ka tafasa ruwa da ruwan khal rabi da rabi, ka bar tururin ya ratsa na minti 20 ba tare da ruwan sanyi ba, taga a buɗe. Bi shi da zagaye ɗaya na ruwa zalla, wannan karon da ruwan sanyi, ka zubar da abin da ya fito. Bayan kowane aiki a ɗauraye a rataye ya bushe. Duhun da jan ƙarfe ke yi ba matsala ba ne, amma kore ko shuɗi a ciki tsatsarsa ce, ba a so ta shiga abin shafawa. Jiƙa shi a ruwan ɗumi da ruwan khal na ɗan lokaci, ɗauraye sosai, ka shanya kafin ka mayar.