Kurakuran da ake yi wajen sayen keken ruwa-biyu a Damagaram

Keken ruwa-biyu, wanda masu Faransanci ke kira VTC, yana tsakanin keken tsere mai siririyar taya da keken hawa dutse mai kaurin taya. Kansa a miƙe yake, mahayi yana zama ba tare da ya duƙa sosai ba, kuma yana da wurin ɗaura kariya, wato mazaunin kaya na baya. Ga wanda zai tashi daga Garin Malam ko Karkada ya je wurin aiki kullum, sannan ranar hutu ya fita da yara hanyar Mirya, da wuya a samu keken da ya fi shi dacewa. Sai dai yawancin waɗanda ake kawo mana an ƙera su ne don titunan Turai, inda babu yashi babu tsidau. Mai saye kuwa ƙyallin fenti da yawan giya ke ɗauke masa hankali, ya manta cewa a lungunan Birni da Zango keken zai rayu, kuma mai gyaran unguwa ne zai riƙa duba shi.

A taya aka fi yin kuskure, kuma nan ne ya fi cin kuɗi. Mutane suna son siririyar taya saboda an ce ta fi gudu. A kan kwalta mai santsi haka ne, amma mutum nawa ne a garin nan ke da kwalta daga ƙofar gida har ƙofar ofis? Da zarar ka sauka daga babban titi, siririyar taya sai ta nutse cikin yashi, kan keke ya karkace, ka sauko kana turawa. A jikin kowace taya akwai lamba kamar 700x32 ko 700x40, lambar ƙarshen ita ce faɗin tayar a milimita. A nan garin kada ka sayi ƙasa da 38, kuma in da hali ka nemi 40 zuwa 45. Kafin ka biya, leƙa tsakanin tayar da ƙarfen keken ka ga ko akwai sararin da zai karɓi taya mai kauri nan gaba, domin wasu kekunan a matse suke, ba za su ɗauki abin da ya wuce wadda suka zo da ita ba. Akwai tayoyin da aka shimfiɗa musu wani sashe mai tauri a ciki saboda ƙaya. Sun fi tsada, sun ɗan fi nauyi, amma wanda ya san yadda tsidau ke yawa bayan damina zai gane cewa kuɗin faci na wata uku ya kusa biyan bambancin.

Akwai kuma ruɗanin inci 28, wanda ya sa mutane da yawa suka jingine keke mai kyau a zaure. Tsohon keken da iyayenmu suka hau, irin su Phoenix, ana ce wa tayarsa 28. Keken ruwa-biyu ma a Turai 28 ake rubuta masa. Amma ba ɗaya suke ba. Na tsohon keken faɗin garensa milimita 635 ne, na ruwa-biyu kuwa 622, don haka tayar wannan ba ta hawa wancan ko da za a kwana ana dannawa. Duba ƙaramar lambar da ke gefen tayar, kamar 40-622, ka rubuta ta a takarda, ka zaga Kasuwar Dole wajen masu kayan keke tun kafin ciniki ya faɗa. Ka ce: "Maigida, kana da taya da tiyub na wannan lambar?" In ka zaga shago uku kowa na cewa sai an yi saƙo Kano, to ka sake tunani, ko ka sayi taya biyu na ajiya tare da keken. Keke mai taya 26, wato 559, kayansa sun fi samuwa, kuma ba laifi ba ne ka zaɓe shi saboda wannan dalilin kaɗai. Haka bakin iska: akwai siriri wanda famfon mai faci ba ya kamawa sai da wani ɗan ƙarfen haɗi, akwai mai kauri irin na babur. Mai kaurin ya fi kwanciyar hankali.

Girman keken kuwa, a gwada shi a jiki. Ka tsaya ƙafafu biyu a ƙasa, sandar tsakiya a tsakanin cinyoyinka, ya zama akwai sararin yatsu biyu ko uku. Ka hau sirdi, ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Masu sauke sirdi can ƙasa don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa su ne ke kukan ciwon gwiwa. Sayen babban keke wa yaro da cewa "zai girma ya same shi" kuma haɗari ne, domin hannunsa ba ya kai wa birki yadda ya kamata.

Yawan giya ba shi ne kyawun keke ba. Damagaram tana da duwatsu da ƴan hawa, amma ba ta da tudun da zai sa ka nemi giya 27 ko 30. Yayin da giyar baya ta kai 10 ko 11, sarƙar tana ƙara sirancewa, yashi yana cinye ta da wuri, samun irinta kuma aiki ne. Giya 7 ko 8 a baya, ta kamfanin Shimano ko makamanciyarta, ta ishe ka zuwa aiki da zuwa Mirya, wadda ba ta wuce kilomita 18 ba. Haka maganar birki. Birkin faifai mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma ranar da ya yi yoyo ba kowane mai gyara ne zai iya masa ba. Birki mai waya, na roba ne ko na faifai, kowa ya san shi. Shakazoba mai arha da ake maƙala wa gaban keke ma, a ganina, nauyi ne kawai: ƙurar hunturu tana shiga ta ƙame, ba a jima ba ta daina motsi. Taya mai kauri da ba a cika ta tam da iska ba ta fi ta rage jijjiga.

Inda abin ya fi damuna shi ne ɗaukar yara. Kullum da safe za ka ga uba ya ɗora yaro a kariya zuwa makaranta, ƙafafun yaron suna lilo kusa da wayoyin taya. Ƙafa ɗaya ta shiga ciki, dunduniya ta yage, kuma wannan rauni ne mai daɗewa bai warke ba. Gyaran ba shi da wuya. A sa matakin ƙafa, a rufe gefen tayar baya da raga ko faifan roba mai tauri, kuma kada yaro ya hau babu takalmi. Kariya ma tana da iyaka. Yawancinsu kilo 25 aka rubuta a jikinsu, kujerun yara na baya kuwa galibi kilo 22 ne iyakarsu. Ɗora yara biyu ko babban mutum a kan kariyar da ƙananan kusoshi huɗu ke riƙe da ita ganganci ne. Duba kusa da tsakiyar tayar baya ka tabbata akwai ramukan kusoshi na ɗaura kariya, sannan ka ƙirga wayoyin tayar. Mai wayoyi 36 ta fi jure kaya a kan mai 24 ko 28.

Idan keken na gida ne gaba ɗaya, har uwargida da ƴan mata za su hau, to a nemi wanda sandar tsakiyarsa ta sauko ƙasa, mai murfin sarƙa. Zani da dogon hijabi suna shiga sarƙa da wayoyin taya, haka jallabiyar maigida ranar Juma'a. Wasu maza suna ƙin irin wannan keken wai na mata ne, alhali shi ya fi sauƙin hawa da sauka idan akwai yaro a baya, tunda ba sai ka wurga ƙafa ta kansa ba.

Keke na hannu, wato wanda aka riga aka hau, da ake kawowa daga Turai yakan fi sabo mai arha ƙarko, amma a bincika shi da rana. Bi duk mahaɗar ƙarfen da ido kana neman tsaga. In ƙarfe ne, mai walda zai iya ɗinke shi. In alminiyom ne ya tsage, ka bar shi ko da an rage maka rabin kuɗi, domin waldarsa tana buƙatar na'ura ta musamman, kuma ko an yi ba ya komawa da ƙarfinsa. Ɗaga keken ka juya kowace taya ka ga ko tana rawa, ka girgiza feda hagu da dama ka ji ko boris ya saki.

Bayan an kawo shi gida, kada a zuba wa sarƙa baƙin man babur. Yana kama yashi ya zama kwaɓi mai cinye haƙora. A goge sarƙar da tsumma, a ɗiga mai mara kauri kaɗan, a sake gogewa har ta kusa bushewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a riƙa ajiye keken a inuwa, domin rana tana busar da taya da sirdi har su tsattsage. Kuma tunda fita da iyali yakan kai magariba, fitila fara a gaba da ja a baya ga kowane keke, har na yara, ya kamata su shiga lissafin kuɗi tun ranar saye, tare da hular kwano daidai kan kowane yaro.