Yadda ake cike sudoku mai gurbi 36 ba tare da canki-canka ba

Sudoku cike yake da lambobi, amma babu tarawa a cikinsa, babu ɗebewa. Da za a cire 1 zuwa 6 a sa baƙaƙe shida a madadinsu, wasan ba zai canja ba ko kaɗan. Hujja kawai ake nema: duk lambar da ka rubuta, ka iya faɗin abin da ya hana ta zama a wani gurbin, ko abin da ya hana wata lambar zama a nan. In ba za ka iya faɗi ba, to lokacin rubuta ta bai yi ba.

A nan ya sha bamban da hatimin da malaman zaure suka sani. Hatimi mai gida tara jimla ake bi, kowane layi ya tashi 15, kuma ƙasar Hausa ta daɗe da wannan ilimi: Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake tsara irin waɗannan hatimai tun a 1732. Shi sudoku ɗan bayan nan ne. Ya fara fitowa a wata mujallar wasanni ta Amurka a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi, sannan ya bazu a duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a ƙarshen 2004.

Wanda aka fi gani shi ne mai gurbi 81. Amma mai koyo ya fara da ƙaramin, mai gurbi 36, domin dabarun iri ɗaya ne, kuma ido yana iya riƙe allon gaba ɗaya.

Kayan aiki da ƙa'ida

Ka nemi littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare, fensir mai tsini, da kilina. Duk mai shagon kayan makaranta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci a Kaduna yana da su. Kada ka yi da biro. Kowane gurbi ka ba shi gida biyu a tsaye biyu a kwance na littafin, don ya sami filin da za a rubuta ƙananan lambobi a kusurwa. Ka ja layin da ya raba ɗakuna da kauri sosai. Sau da yawa kuskuren masu farawa daga nan yake tasowa, ido ya zarce iyakar ɗaki bai sani ba.

Allon yana da layin kwance shida, za mu kira su K1 zuwa K6 daga sama. Layin tsaye ma shida ne, T1 zuwa T6 daga hagu. An kuma kasa shi ɗaki shida, kowane ɗaki layi biyu a kwance, gurbi uku-uku. Ƙa'idar guda ce: 1 zuwa 6 su fito sau ɗaya tak a kowane layin kwance, kowane layin tsaye, da kowane ɗaki.

Ga wanda za mu cike. Ɗigo yana nufin gurbin da babu komai.

K1:  .  5  .  |  .  2  .
K2:  .  .  6  |  1  .  .

K3:  .  .  5  |  2  4  .
K4:  .  3  .  |  .  .  1

K5:  .  .  .  |  4  .  .
K6:  6  .  .  |  .  5  .

An ba da lamba 12, saura gurbi 24. Kwafe shi, sannan ka sake duba kwafin gurbi-gurbi kafin ka fara. Lamba ɗaya in ta goce zuwa gurbin maƙwabta wajen kwafi, sai ka ɓata rabin awa kan abin da ba shi da amsa.

Fara da lambar da ta fi yawa

Tambayar farko ita ce: wannan lambar, ina za ta zauna a wannan ɗakin? Ana farawa da wadda ta fi fitowa, don ita ta fi toshe hanyoyi. A nan 5 ce, ta fito sau uku: K1T2 (wato gurbin da K1 da T2 suka haɗu), K3T3, K6T5.

Duba ɗakin sama na dama. 5 ɗin da ke K1 ta rufe layin sama duka. A K2 kuwa, T4 akwai 1 a ciki, T5 kuma 5 ɗin da ke can ƙasa ta tsare shi. Saura K2T6, nan 5 za ta zauna. Ɗakin tsakiya na dama: K3 a rufe yake, a K4 kuma T5 a tsare, T6 da mai shi. 5 ta tafi K4T4. Ɗakin ƙasa na hagu: K6 a rufe, T2 da T3 duk suna da 5 a sama, saura K5T1. Biyar-biyar sun cika shida, an gama da su.

Da wannan dabarar kaɗai ake cinye da yawa daga wasannin da aka rubuta wa “mai sauƙi”. Ka ɗora kan fensir a kan lambar, ka ja shi a iska bisa layinta har cikin ɗakin da kake dubawa. Duban ido kawai yana yaudara.

Yanzu 1. Tana K2T4 da K4T6. A ɗakin ƙasa na dama, T4 da T6 sun toshe, K6T5 kuma akwai 5, don haka 1 ta zauna K5T5.

Inda lamba biyu suka kama gurbi biyu

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a fahimta, domin shi ke raba mai warwarewa da mai canka. Koma ɗakin ƙasa na hagu. Gurbi huɗu suka rage: K5T2, K5T3, K6T2, K6T3. Lambobin da ba su shiga ba su ne 1, 2, 3, 4. Layin K5 ya riga ya sami 1, ya kuma sami 4. Ke nan 1 ba ta da wuri sai K6T2 ko K6T3, 4 ma haka.

Ba mu san wacce ke hagu wacce ke dama ba tukuna. Amma mun san abu mai amfani: gurbi biyun nan nasu ne su biyu, babu mai shiga. Rubuta ƙaramin 1 da ƙaramin 4 a kusurwar kowannensu, ka bar su haka.

Dubi abin da wannan ya buɗe. Tunda 1 da 4 sun kama ƙasa, 2 da 3 dole su hau K5T2 da K5T3. T2 yana da 3 a K4, saboda haka 3 ta tafi K5T3, 2 ta zauna K5T2. Layin K5 ya zama saura gurbi ɗaya, K5T6, kuma 6 ce ba ta fito ba. A K6 kuma, 6 da 5 suna nan, 1 da 4 an san inda suke, saura 2 da 3 a T4 da T6. T4 yana da 2 a K3, to K6T4 ta zama 3, K6T6 ta zama 2. Gurbi biyar ke nan aka cike da taimakon gurbi biyun da su kansu ba a cike ba.

A nan mai gaggawa yake faɗawa rami. Sai ya ce ai ɗaya daga biyu ne, bari in sa 4 a K6T2 in gani. Ƙasan allon ba zai nuna masa komai ba, layin K6 zai cika tsaf. Sai can ya hau K2, inda 2 da 4 za su rage, ya tarar T2 yana ɗauke da su duka biyun, K2T2 ba ta da lambar da za ta karɓa. Ɓarnar a ƙasa aka yi ta, a sama ta bayyana, kuma kafin nan ya gina lambobi da yawa a kanta. Sauri ya haifi nawa.

Juya tambayar

Idan neman wa lamba gurbi ya tsaya, sai a juya: wannan gurbin, wace lamba ce za ta iya shigarsa? Zaɓi gurbin da layinsa na kwance da na tsaye suka fi cika, ka ƙirga daga 1 zuwa 6 kana jefar da waɗanda yake gani.

Ɗauki K2T5. A kwance yana ganin 6, 1, 5. A tsaye yana ganin 2, 4, 1, 5. An jefar da 1, 2, 4, 5, 6, saura 3. Da ta shiga, T5 ya rage gurbi ɗaya, K4T5, ta 6 ce. T4 ma saura K1T4, ita ma 6. Ɗakin sama na dama ya rage K1T6, 4. Na tsakiya ya rage K3T6, 3.

Da irin wannan ƙirgar ake tabbatar da abin da aka samu ta wata hanya. K6T4 da muka ba 3 ɗazu, tun daga farko tana ganin 6 da 5 a kwance, 1, 2, 4 a tsaye. Hanya biyu sun kai ga amsa ɗaya, hankali ya kwanta.

Ga inda aka kwana:

K1:  .  5  .  |  6  2  4
K2:  .  .  6  |  1  3  5

K3:  .  .  5  |  2  4  3
K4:  .  3  .  |  5  6  1

K5:  5  2  3  |  4  1  6
K6:  6  .  .  |  3  5  2

Sauran gangara ce. K1 na neman 1 da 3. T3 yana da 3, don haka K1T1 ta ɗauki 3, K1T3 ta ɗauki 1. Wannan 1 ɗin ce ta raba gardamar da muka ajiye a ƙasa: T3 ya sami 1, to K6T3 4 ce, K6T2 kuma 1. T3 ya rage K4T3, 2, sai K4T1 ta zama 4. K3 na neman 1 da 6, T1 yana da 6, ke nan K3T1 1 ce, K3T2 6. Na ƙarshe K2: 2 a T1, 4 a T2. Layukan hagu daga sama sun zama 3 5 1, 2 4 6, 1 6 5, 4 3 2, 5 2 3, 6 1 4.

Wajen dubawa, wasu kan tara kowane layi su ga ya ba da 21. Wannan yana kama wasu kurakuran, amma ba shaida ba ce: 1, 1, 4, 4, 5, 6 ma 21 suke bayarwa. Gara ka bi lamba-lamba, ka nemi 1 guda shida, kowacce a layinta da ɗakinta, sannan 2, har zuwa 6.

Idan ya cije

Abu uku ne suka fi kawo tsaiko. Na farko, an rubuta lamba ba a koma an duba abin da ta buɗe ba. Duk lambar da ta shiga, nan take ka leƙa layinta na kwance, na tsaye, da ɗakinta; sau da yawa amsa ta gaba tana nan kusa. Na biyu, ƙananan lambobin kusurwa sun tsufa. An sa 4 a layi, an manta ba a goge ƙaramin 4 da ke wani gurbin layin ba, sai ya riƙa nuna zaɓin da babu shi. Shi ya sa ba ma son a cika kowane gurbi da ƙananan lambobi tun daga farko. A rubuta su kawai inda zaɓi ya ragu zuwa biyu.

Na uku shi ne karo, wato lamba ta fito sau biyu a layi, ko gurbi ya rasa mai shiga. Kada ka gyara wurin da karon ya bayyana, don da wuya a ce nan kuskuren yake. In kana tuna lamba ta ƙarshe da kake da cikakkiyar hujjarta, goge duk abin da ya biyo bayanta. In ba ka tuna ba, a allo mai gurbi 36 sake farawa ya fi sauri. Dabara mai taimako ita ce zagaye lambobin asali da biro tun farko, don kilina kada ya haɗa da su.

Wani lokaci kuma laifin na wanda ya tsara wasan ne. Sudoku na ƙwarai amsa ɗaya yake da ita. Gwada cire 5 ɗin da ke K3T3 daga wannan namu ka sake cikewa. Komai zai tafi daidai har a kai ga gurbi shida, T1 da T3 a layukan K1, K3 da K5. Za su karɓi 3 da 1, 1 da 5, 5 da 3, za kuma su karɓi 1 da 3, 5 da 1, 3 da 5, duk ba tare da an taka ƙa'ida ba. Babu hujjar da za ta fifita ɗaya. Idan ka tarar da irin wannan a wata manhajar waya ko takardar da aka buga, ba ƙwaƙwalwarka ce ta gaza ba. Malamin da ke son tsara wa ɗalibai nasa ya kula da wannan: ya cike allon tukuna, ya riƙa goge lamba ɗaya-ɗaya, bayan kowace gogewa ya tabbatar ana iya dawo da ita da hujja.

Ga yara 'yan aji biyu ko uku, mai gurbi 16 ya fi dacewa, lamba 1 zuwa 4, ɗaki huɗu. Cikakkun allunansa 288 ne kacal, kuma ba ya samun amsa ɗaya da ƙasa da lamba 4 na farawa. Babban mai gurbi 81 kuwa, Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin sun nuna da kwamfuta a 2012 cewa ƙasa da lamba 17 ba ya ba da amsa ɗaya. Sai dai yawan lambobin farawa ba shi ne ma'aunin wuya ba. Inda aka ajiye su ne ke sa a iya bi da dabara mai sauƙi ko a buƙaci mai zurfi.

Wanda ya iya cike mai 36 cikin minti biyar zuwa goma ba tare da kilina ya yi aiki ba, ya isa ya hau mai 81. Abin da zai ƙaru shi ne lambobin sun zama 1 zuwa 9, ɗakunan kuma uku-uku, don haka lamba kan maƙale a layi ɗaya cikin ɗaki ba tare da an san gurbinta ba. Idan 7 ba ta da wuri a wani ɗaki sai gurbi biyu da ke kan layin tsaye ɗaya, to a cire 7 daga sauran guraben wannan layin a ɗakunan sama da ƙasa. Mai matsakaicin wuya guda ɗaya ko biyu sun ishi mai koyo zaman jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, in ya tafi da abin fiƙe fensir.